Jinyar da ba a jiran warkewa: haƙƙin yaro mai ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a kan garinsu

Harshen Faransanci ya raba aikin lafiya gida biyu: akwai soigner, wato kula da marar lafiya, akwai kuma guérir, wato warkar da shi. Hausa ma ta yi irin wannan rabo, sai dai ta ƙara wani abu na hikima a kansa. Idan aka ce wane yana jinya, ana nufin yana kwance ba lafiya. Idan kuma aka ce wance tana jinyarsa, ana nufin ita ce take ɗawainiya da shi. Kalma guda ta ɗauki mutum biyu, na kwance da na zaune a gefen tabarmarsa, kamar harshen yana shaida cewa ciwo ba ya kama mutum shi kaɗai. Shi ya sa mai zuwa dubiya yakan gaida su duka: wannan a ce masa sannu da jiki, wancan a ce masa sannu da jinya.

Galibin jinyar da aka saba da ita tana da ranar ƙarewa. Zazzaɓi yakan sauka, karaya takan ɗoru, mai jego takan gama wanka. Amma akwai jinyar da ba ta da wannan rana. Ita ce jinyar yaron da wahalar haihuwa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har bai iya zama ba, da wanda sanƙarau ya bari da kurunta ko shanyewar gaɓoɓi, da matashin da farfaɗiya take kayarwa tun yana ƙarami. A ƙauyukan ƙaramar hukumar Atantane, cikin gundumar Mayahi, da maƙwabtansu na ƙasar Tasawa, babu malamin makarantar da bai san gida ɗaya ko biyu da ke da irin wannan yaro ba. Tambayar da ke gaban mai tunani ita ce: mene ne haƙƙin wanda ba a sa ran zai warke, kuma a wuyan wa wannan haƙƙi yake?

Inda ciwon yake fitowa

Kafin a yi hukunci, ya kamata a san abin da ake hukunci a kansa. Jahar Maraɗi tana cikin yankin da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya bayyana a 1963, wanda aka fi sani da zirin sanƙarau, daga Senegal zuwa Habasha. Cutar takan tashi da rani, lokacin iska mai ƙura da zafin bazara. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutane fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. A 2010 Nijar ta shiga sahun ƙasashe uku na farko, tare da Mali da Burkina Faso, da suka fara allurar MenAfriVac, wadda ta karya lagon nau'in A na cutar. Amma a 2015 nau'in C ya ɓarke, ya kama fiye da mutum 8,000 a ƙasar. Ƙididdigar annoba takan tsaya ga waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga sanƙarau mai tsanani yakan rayu da tabonsa: kurunta, farfaɗiya, raunin gaɓoɓi ko wahalar koyo. Waɗannan ba sa shiga jerin matattu, ba sa kuma cikin waɗanda suka warke, saboda haka sukan ɓace daga lissafi da zarar annoba ta lafa.

Sanƙarau ba shi kaɗai ba ne. Zazzaɓin cizon sauro na damina, idan ya hau kai har yaro ya yi ta jijjiga ko ya suma, yana iya barin rauni a ƙwaƙwalwa. Doguwar naƙuda, wadda jariri yake fitowa bai yi kuka ba saboda numfashi ya yanke masa, tana cikin manyan dalilan shanyewar jiki tun daga haihuwa. Haka ma shawara mai tsanani a kwanakin farko na jariri. Shan inna kuma, ko da yake an tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa ƙwayarsa ta asali ta ƙare a Afirka, ya bar samari da ƴanmata masu jan ƙafa a garuruwa da dama.

Sanin waɗannan dalilai yana da nauyi a wajen ɗabi'a, domin sunan da aka ba ciwo shi yake nuna yadda za a riƙe mai shi. Sunan shan inna kansa yana ɗauke da tsohon bayanin da ke jingina shanyewar ƙafa ga Inna ta bori. A wasu wurare akan kira yaron da bai iya zama ba ɗan ruwa, ana nufin ba cikakken ɗan Adam ba ne. Mai farfaɗiya kuwa akan guje shi lokacin da ya faɗi, don an ɗauka yawun bakinsa yana yaɗa ciwon. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ko ta taɓawa, ko ta cin abinci a ƙwarya ɗaya. Rikicewar saƙonni ce a cikin ƙwaƙwalwa, kuma ba hauka ba ce. Amma saboda wannan tsoro, yaro yakan faɗa murhu ko tabki, mutane suna tsaye daga nesa.

Iyakar haƙuri

Bahaushe ya ce haƙuri maganin zaman duniya, kuma babu mai jinyar da zai kai shekara guda ba tare da shi ba. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin abin da Hausawa suke nufi da mutumin kirki, a aikinsa da aka buga a 1974, ya sa haƙuri cikin ginshiƙan hali na gari, tare da gaskiya, amana, karamci, kunya, mutunci da adalci. Sai dai kalmar da ta fi kowace daraja ita ce aka fi saurin fakewa da ita. Idan maƙwabci ya ce wa uwar yaro «sai haƙuri», ya juya ya tafi, sau da yawa abin da yake nufi shi ne ba ruwansa.

Farfaɗiya ce ta fi tona wannan asiri. Kimanin mutum miliyan 50 suke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari nasu za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano ciwon, aka kuma ba su magani yadda ya kamata. Amma a ƙasashe matalauta kusan kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobarbital, ana amfani da shi tun 1912, kuma yana cikin mafi araha. Sharaɗinsa shi ne a sha kullum ba fashi, kada a tsayar da shi kwatsam, domin yankewar magani tana iya jawo faɗuwa mai haɗari. Ke nan haƙurin da aka yi da ciwon da ke da magani, alhali ana iya nemansa, sakaci ne da aka yi wa rawani.

Addinin mutanen yankin bai goyi bayan wannan sakaci ba. Neman magani umarni ne sananne. Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, game da wata mata mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana neman addu'a. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da sakamakon Aljanna, ko addu'ar samun lafiya. Ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi, aka kuwa yi mata. Masu wa'azi sukan tsaya a kan haƙurinta. Abubuwa biyu sun cancanci a ƙara lura da su: ita ce ta zaɓa wa kanta, ba wani ya zaɓa mata ba, sannan ko da ta yarda ta zauna da ciwon, ba ta yarda ta rasa suturarta ba. A nan ne asalin aikin jinya yake. Inda warkewa ta gagara, tsare mutunci bai gagara ba.

Hujjar rumbu

Akwai hujjar da ba a cika furta ta a fili ba, amma tana aiki a cikin zukata, kuma rashin adalci ne a yi kamar babu ita. Magidanci a ƙasar Mayahi yana noman gero da wake a jigawa, damina ɗaya a shekara, ruwan kuma ba shi da tabbas. Rumbunsa ba kullum yake kai shi wata damina ba, shi ya sa da rani yakan tafi ci-rani Nijeriya ko Agadas ko Libiya. Yana da ƴaƴa bakwai ko takwas. Idan ya sayar da akuya don ya kai yaro ɗaya Maraɗi, kuma likita ya ce yaron ba zai taɓa tafiya ba, da me zai amsa wa sauran ƴaƴan ranar da tukunya ta ƙi hawa wuta? A ganinsa, hankali shi ne a zuba ruwa ga shukar da za ta yi tsaba.

Wannan magana ba ta mugun mutum ba ce, ta wanda talauci ya matse ce. Duk da haka tana da rauni ta fuska biyu. Na farko, ma'aunin da ta ɗauka, wato amfanin da mutum zai yi nan gaba, ma'auni ne da mai shi ba zai yarda a auna shi da shi ba. Tsohon da ya daina riƙe hauya ba zai ƙara cika rumbu ba, amma babu wanda yake cewa a rage masa fura. Kowane mutum ya fara rayuwa a bayan wata yana goye, kuma idan ya yi tsawon rai zai ƙare a hannun wasu. Dogaro da wani shi ne farkon ɗan Adam da ƙarshensa. Ƙarfin da ake taƙama da shi aro ne na ƴan shekaru a tsakani. Karin maganar da ke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta riga ta yanke wannan hukunci.

Na biyu, hujjar ta ɗauka cewa idan ba warkewa, to babu abin da ya rage a samu. Georges Canguilhem, masanin falsafa kuma likita, ya nuna a nazarinsa na 1943 a kan lafiya da cuta cewa ba a auna lafiyar mutum da awon jama'a kawai. Marar lafiya ma yana da tsarin rayuwa nasa, ko da ya fi ƙunci, kuma ana iya faɗaɗa masa shi. Yaron da yake kwance kullum, idan aka zaunar da shi ya ga tsakar gida, duniyarsa ta ƙaru. Wanda ya koyi riƙe ludayi ya samu ƴanci, ya kuma saki hannun uwarsa na ɗan lokaci. Kurman da danginsa suka koyi magana da shi da hannu ya dawo cikin hira. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya warke, amma kowannensu ya samu sauƙi, kuma sauƙi ne Bahaushe yake roƙa wa marar lafiya tun fil azal.

Jinya ilimi ce

Ana yawan ɗaukar jinya a matsayin tausayi kawai, abin da kowace mace ta iya tun daga haihuwa. Tausayi shi ne tushe, amma tausayin da ba shi da sani yana iya cutarwa. Uwar da ta kwantar da yaro mai shanyewar jiki rigingine tana ɗura masa kunu, da ƙauna take yi, amma kunun yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon haƙarƙari. Ya kamata a zaunar da shi, a tallafe kansa, a ba shi abinci mai ɗan kauri kaɗan-kaɗan. Wanda ba ya iya juyawa da kansa yana bukatar a riƙa juya shi bayan kowane ƴan awoyi, a tsabtace shi, a busar da fatarsa, in ba haka ba gyambo zai fito a kwankwaso da diddige. Gaɓoɓin da ba a miƙar da su a hankali kowace rana sukan ƙage har abada. Mai farfaɗiya idan ya faɗi, a janye wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, a rufe masa jiki. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a danne shi. Idan jijjigar ta wuce minti 5, a gaggauta kai shi likita.

Ba a bukatar na'ura mai tsada kafin a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ake bukata shi ne mai koyarwa. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗan ne a Nijar, kuma a manyan birane suke. Iyalin da ke wani ƙauye na Atantane sai sun bi matakai: ɗakin shan magani na ƙauye, cibiyar lafiya ta CSI, asibitin gunduma a Mayahi ko Tasawa, sannan Maraɗi, kowane mataki da kuɗin amalanke ko kabu-kabu ko mota. Ma'aikacin jinyar da ke CSI, wanda jama'a suke kira manjo, shi ne iyakar likitan da yawancin waɗannan yara za su taɓa gani. Saboda irin wannan hali ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, don ma'aikatan da ba ƙwararru ba su iya gano farfaɗiya su kuma yi maganinta. A watan Mayu na 2022 kuma ƙasashen duniya suka amince da shirin aiki na 2022 zuwa 2031 a kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Darajar waɗannan takardu tana ga ranar da uwa za ta zo karɓar maganin wata, ta tarar akwai shi.

A wuyan wa?

A zahiri, amsar da al'umma take bayarwa a yau ita ce: a wuyan uwa. Ita ce mai daka, mai jan ruwa a rijiya mai zurfi, mai neman itace, kuma ita ce mai goyon yaron da ya kai shekara takwas. Idan ta gaza, sai a cire yayarsa daga makaranta ta zama mai reno. Malamai sun san wannan yarinya: sunanta yana cikin rajista, gurbinta a aji babu kowa. Gidan da ya yi haka bai magance rashin adalci ba, ya kwashe shi ne daga kan wani yaro ya ɗora wa wata.

Lokaci kuma yana ƙara tsananta lamarin. Shawarar da gwamnatin Nijar ta yanke a 2006, ta kula da lafiyar yara kyauta, an tsara ta ne don ƴan ƙasa da shekara 5. Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa bai san ranar haihuwa ba. Yaro yana girma yana ƙara nauyi, uwa tana tsufa tana rage ƙarfi. Saurayi mai shekara 18 ba ya goyuwa, kuma kunya tana hana uwa ta yi masa wanka; a nan ana bukatar hannun uba da ƴan'uwa maza, wanda al'ada ba ta saba miƙawa ba. Budurwar da ba ta iya magana ko kare kanta tana cikin haɗarin masu cin amana, haɗarin da ake rufewa da shiru. A ƙarƙashin duk wannan akwai tambayar da ke hana iyaye barci: idan sun rasu, wa zai riƙe shi?

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, don haka hukuma tana da rabonta: magani da ba ya yankewa, horon ma'aikatan jinya, kula da mata masu naƙuda, da allurar rigakafi, tunda rigakafi ya fi magani. Amma hukuma ba za ta juya yaro da tsakar dare ba. Sauran rabon na gari ne, kuma garin Bahaushe ba baƙo ba ne ga ɗaukar kaya tare. Wanda ya san gayya ya san cewa gonar marar lafiya ba ta kwana da ciyawa. A jahar Maraɗi ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, tsarin asusu da rance da daga baya ya bazu a ƙasashe da dama; matan da suka iya tara kuɗin sana'a mako-mako za su iya ware wani abu don maganin wata, su kuma yi karɓa-karɓa wajen zama da yaro ranar kasuwa, uwarsa ta samu ta numfasa. Kafintan gari zai iya ƙera kujera mai jingina da madauri idan an nuna masa siffarta. Liman zai iya faɗa a huɗuba cewa taɓa mai farfaɗiya ba ya kawo ciwo. An ce ɗa na kowa ne. Gaskiyar wannan magana ba ta bayyana a kan yaro mai ƙwazo da kowa yake so a ce nasa ne, sai a kan wanda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da wuri na musamman a wannan aiki. Ɗalibin da ya faɗi a aji, abin da malam ya yi a mintuna biyun farko shi ne darasin da sauran yara za su riƙe har tsufansu. Idan ya ja da baya, sun koyi gudu. Idan ya durƙusa ya juya yaron gefe, ya cire rigarsa ya rufe shi, sannan washegari ya karɓe shi a aji kamar kowa, sun koyi abin da babu littafin tarbiyya da zai koya musu. Masu wasan kwaikwayo da mawaƙa kuma, waɗanda suka daɗe suna sa gurgu da bebe a fage don a yi dariya, suna da ikon sa jama'a su dube su da wani ido.

Ba a auna kirkin gari da yadda yake karɓar mai dawowa daga ci-rani da kaya, domin wannan kowa ya iya. Ana auna shi da halin da marar ƙarfi yake ciki a cikinsa, wanda ba zai rama alheri ba, wataƙila ma ba zai iya furta godiya ba. Irin wannan yaro yana da haƙƙin a nema masa magani inda akwai magani, a nema masa sauƙi inda babu, a kira shi da sunansa na yanka, a suturta shi, kuma kada a bar mai jinyarsa ita kaɗai har ta faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.